Kafin a Kaɗa Ƙararrawa

Da hannuna na zane ta. Bulala uku a tafin hannu, sannan na sa ta durƙuso a gaban allo har darasin farko ya ƙare. Laifinta biyu ne: ta makara, kuma da shigowarta ta kifa kai a kan benci ta kama barci ina tsaka da koyarwa. Shekarunta ba su wuce 11 ba, tana aji ɗaya na ƙaramar sakandare a makarantar da aka tura ni bautar ƙasa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ba da uzuri ba. Ni kuwa na ɗauki shirun nata a matsayin taurin kai.

Da aka fita tara, wata dattijuwar malama da ke zaune a unguwarsu ta ja ni gefe. Ta ce, "Ɗana, ka san inda yarinyar nan ta kwana jiya?" Na ce, "A'a, Hajiya." Ta ce, "A barandar asibiti, rungume da ƙaninta. Uban ne ya fasa wa uwar kai a gabansu."

Maƙwabta sun sani, domin su suka raba faɗan. Mai unguwa ya sani, domin shi aka tasa cikin dare. 'Yan sanda sun sani, domin sun rubuta rahoto. Ma'aikaciyar jinyar da ta ɗinke raunin ta sani. A cikin duk manyan da yarinyar ta gifta tsakanin isha'i da hantsi, mutum ɗaya ne bai sani ba, kuma shi ne ke riƙe da bulala.

Wannan muƙala kira ce a kan abu ɗaya. Duk lokacin da wata hukuma ta shiga maganar duka ko cin zarafi a gidan da akwai yaro ɗan makaranta, wajibi ne labari ya isa ga mutum ɗaya amintacce a makarantar yaron kafin a kaɗa ƙararrawar safe. Na san za a ce wannan tonon asiri ne, za a ce baƙon abu ne, za a ce malamanmu ba su iya riƙe magana ba. Zan bi waɗannan hujjoji ɗaya bayan ɗaya, amma bari mu fara da inda aka riga aka gwada.

Abin da aka yi a Ingila

A shekarar 2011 aka fara wani tsari a birnin Plymouth da ke kudu maso yammacin Ingila, mai suna Operation Encompass. Miji da mata ne suka assasa shi: Elisabeth Carney-Haworth, shugabar makarantar ƙananan yara, da mijinta David, sajan na 'yan sanda. Kowannensu yana riƙe da rabin labari. Shi yana zuwa gidajen da aka yi faɗa cikin dare, ita tana karɓar yaran irin waɗannan gidaje da safe, amma sai a yi watanni kafin abin da ɗan sanda ya gani ya iso teburin malama, in ma ya iso.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Idan 'yan sanda suka je gida a kan rikicin cin zarafi, za su rubuta sunayen yaran gidan da makarantunsu. Kafin a shiga aji washegari, za a sanar da wani ma'aikaci guda da makarantar ta keɓe, aka kuma horar da shi a kan wannan aiki. Daga nan makaranta ta san yadda za ta karɓi yaron: a ba shi abin karyawa idan bai ci komai ba, a ara masa kayan makaranta idan ya fito ba shiri, a kau da kai daga aikin gidan da bai yi ba, a bar shi ya huta idan barci ya rinjaye shi. Sau da yawa yaron ba ya ma sanin an yi waya. Abin da yake gani kawai shi ne yau ba a tsawata masa ba.

Daga 'yan makarantu ƙalilan, tsarin ya bazu zuwa dukkan rundunonin 'yan sanda 43 na Ingila da Wales. A 2021 majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da dokar cin zarafi a cikin gida, wadda ta ayyana cewa yaron da ya gani, ko ya ji, ko ya ɗanɗani illar cin zarafin da ake yi wa wani nasa, shi ma wanda aka zalunta ne a karan kansa. A 2024 wata dokar ta ɗora wa shugabannin 'yan sanda wajibcin sanar da makarantu. Abin da ya faro daga hirar miji da mata ya zama doka cikin shekara 13.

A Amurka kuma, a jihar West Virginia, an fara makamancin wannan a 2013, sai dai nasu ya fi taƙaita magana. Ɗan sanda yana aika wa makaranta sunan yaro ne da 'yan kalmomi uku na Turanci waɗanda ma'anarsu ita ce a lallaɓa shi. Ba a faɗin abin da ya faru, ba a ambaton wanda ya yi.

Farashin rabin labari

Mutanen Ingila ba su kai ga wannan don tsabar hikima ba. Kaburburan yara ne suka koya musu. A watan Maris na 2012, wani yaro ɗan shekara 4 ya rasu a birnin Coventry a hannun mahaifiyarsa da saurayinta, bayan watanni na duka da horon yunwa. Binciken da aka fitar a 2013 ya nuna an kira 'yan sanda gidan sama da sau 20, galibi a kan faɗa da shaye-shaye. A makaranta kuwa malamai suna ganinsa yana ramewa, yana ɗaukar abincin 'yan ajinsu, har yana tonon kwandon shara. Uwar ta ce musu wata cuta ce ke damunsa, aka yarda da ita. 'Yan sanda na da guntunsu, likitoci na da guntunsu, malamai na da guntunsu, amma ba a samu wanda ya haɗa guntayen wuri ɗaya ba har yaron ya mutu.

Darasin a fili yake. Malamin da ya ga yaro yana ɗaukar abincin wani, in bai san komai game da gidansu ba, ɓarawo zai gani. In ya san 'yan sanda sun saba zuwa gidan, yunwa zai gani, kuma zai tambayi dalilinta. Ido ɗaya ne, yaro ɗaya ne, labarin da ke kunnen malam ne ya bambanta.

Me ya sa makaranta?

Domin bayan gida, babu inda yaro ke daɗewa kamar makaranta. Ɗan sanda zai zo ya tafi. Alƙali zai ɗage zama zuwa wata mai zuwa. Malami ne ke ganin yaron kwana biyar a mako, shi zai lura idan mai surutu ya yi tsit, ko mai haƙuri ya fara cizon 'yan'uwansa.

Mun saba cewa yaro bai san komai ba, wai da an ba shi alewa ya manta. Binciken likitoci ya ƙaryata mu. A 1998 likitoci biyu a Amurka, Vincent Felitti da Robert Anda, suka fara wallafa sakamakon wani nazari da ya shafi manya sama da 17,000, inda aka tambaye su masifun da suka gani suna yara. Ganin ana dukan uwa yana cikin jerin. Sakamakon ya nuna gwargwadon yawan masifun ƙuruciya, gwargwadon ƙaruwar haɗarin ciwon zuciya, da ciwon damuwa, da shaye-shaye, da yunƙurin kashe kai bayan an girma. Jikin da ya kwana cikin firgici ba ya sauka daga firgicin don gari ya waye. Zuciya na bugawa, kunne na sauraron motsi, hankali na can gida yana tambayar ko uwa na da rai. A wannan hali muke tambayar yaro bakwai sau takwas, in ya kasa mu ce daƙiƙi ne.

Kada wani ya ce wannan ciwon Turawa ne. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya gano cewa yara 6 cikin 10 a Nijeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 kuma ya nuna kashi 36 cikin 100 na matan da suka taɓa aure sun fuskanci duka, ko tilastawa, ko cin mutunci daga mazajensu. Mafi yawan waɗannan mata iyaye ne, kuma 'ya'yansu ba kurame ba ne. Ba kuma kullum miji ne mai laifi ba. Akwai gidan da matar uba ce, akwai gidan da kishiyoyi ne ke kokawa a tsakar gida, akwai gidan da mijin ne ake jifa da muciya. Ko wane ne ya ɗaga hannu, yaron da ke laɓe a bayan ƙyaure abu ɗaya yake ji.

"Ai tonon asiri ne"

Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Bahaushe ya ɗauki rufin asiri da daraja har yana roƙon sa a addu'a. Muna cewa tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, muna cewa zo mu zauna zo mu saɓa. Gaskiya ne, kuma ba ina kira a riƙa kai wa hedimasta rahoton kowace cacar baki a kan kuɗin cefane ba. Ina magana ne a kan abin da ya riga ya kai ga jini, ko asibiti, ko ofishin hukuma.

To a nan sai mu tambayi kanmu: wane asiri ne ya rage? A gidan haya mai ɗaki goma, ihun mace ɗaya kunne hamsin ke jin sa. Kafin a idar da sallar asuba labari ya kai majalisar mai shayi, kafin azahar ya kai gidan suna. Kowa ya ji don ya yi gulma, sai wanda zai ji don ya taimaka shi ne muke ɓoye wa. Wannan rufin asirin wa yake rufa wa? Ba uwar ba, domin fuskarta a kumbure take. Ba yaron ba, domin shi ke shan bulala a kan laifin da ba nasa ba. Mai dukan kaɗai yake rufa wa, shi da zai saka babbar riga ya fita a gaishe shi.

Masu jingina shirun da addini su ma sai su sake duba littattafansu. Imam Nawawi, a cikin Riyadus Salihin, ya ware babi a kan wuraren da ambaton aibin mutum a bayan idonsa yake halatta, ya lissafa guda 6. A cikinsu akwai kai ƙarar zalunci, da neman taimako don kawar da abin ƙi, da gargaɗi don kare wani daga cutarwa. Kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Hindu 'yar Utba ta je wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta faɗi ƙwauron mijinta Abu Sufyan a kan ciyar da ita da ɗanta. Ba a kore ta da sunan ta tona asirin gida ba, an ba ta mafita. Idan an saurari mace a kan abincin ɗanta, ina ga lafiyarsa da hankalinsa? Abin da shari'a ta hana shi ne yaɗa magana don cin nama. Kai magana wurin mai magani daban ne, kuma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

"Malamai za su yaɗa"

Wannan tsoro yana da tushe. Na zauna a ɗakin malamai, na san yadda zance ke yawo a cikinsa. Idan labari ya fita, za a iya yi wa yaron gori a filin wasa. Uban zai iya hucewa a kan uwar, ko ya cire yaron daga makarantar gaba ɗaya. Mafi muni, mace za ta iya fasa kai ƙara idan ta san maganar za ta bi ɗanta har aji. Wanda ya ce waɗannan ba za su faru ba bai san mutane ba.

Amma maganin wuƙa mai kaifi kube ne. Mutum ɗaya za a sanar, wanda aka zaɓa don amanarsa, aka horar da shi, ya sa hannu a kan cewa fitar da magana zai ci aikinsa. Abin da za a faɗa masa kaɗan ne, irin na West Virginia: sunan yaro, da cewa a lallaɓa shi. Shi kuma abin da zai ce wa malamin aji bai wuce, "Wance ba ta jin daɗi yau, a bi ta a hankali." Ba za a kira uba a yi masa wa'azi ba, domin makaranta ba kotu ba ce. Ba za a titsiye yaro da tambayoyi ba. In ya so magana a saurare shi, in bai so ba a ƙyale shi. Ba za a rubuta a katin sakamako ba, ba za a tura a zauren WhatsApp na malamai ba. Ita kuma uwar, tun a ofishin hukuma a gaya mata abin da za a faɗa da wanda za a faɗa wa, don ta san ba tallan ta za a yi ba.

Mun yarda ma'aikaciyar jinya ta san abin da ke ƙarƙashin zanen mace, mun yarda magatakardan kotu ya ji abin da ya faru a ɗakin aure. Su ma mutane ne masu baki, ƙa'ida da horo ne suka ɗaure su. Me zai hana a ɗaure malami da irin wannan igiya? Al'ummar da ta damƙa wa malami ɗanta da bulala, sannan ta ce ba ta amince masa da jimla ɗaya ba, ta juya amanarta a baibai.

Doka ma ba ta tare hanya ba. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta buɗe ne da cewa maslahar yaro ita ce a gaba a duk matakin da ya shafe shi. Dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015 ta mayar da dukan abokin aure laifi. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda wasu za su fake da ita, ta yarda a yi amfani da bayanin mutum idan don kare rayuwa ne ko don aikin da ya shafi maslahar jama'a. Abin da babu shi ne umarni bayyananne da zai ce wane ne zai kira wane, kuma da ƙarfe nawa.

"Ba mu da kayan aikin Ingila"

Ba mu da su. Ajinmu na iya ɗaukar yara 100, malami na iya yin watanni yana jiran albashi, miliyoyin yara ba sa ma zuwa makarantar boko, kuma mafi yawan dukan da ake yi a gidajenmu ba ya isa ofishin 'yan sanda. Saboda haka kwafar tsarin Plymouth yadda yake ba zai yi mana aiki ba.

Sai dai muna da abin da su ba su da shi. A nan, kafin magana ta kai ga ɗan sanda ta biya ta wurin mai unguwa, ko limami, ko ofishin Hisbah a jihohin da ke da ita, inda ake sasanta ma'aurata kusan kullum. Waɗannan mutane sun san gidan, sun san yaran da sunayensu, sau da yawa sahu ɗaya suke sallah da hedimasta. Nisan da Turawa suka kashe shekaru suna cikewa, a wurinmu bai wuce tsallaka titi ba. Abin da ake buƙata shi ne a ƙara tambaya ɗaya a takardar da ake cikewa a ofishin 'yan sanda, da na Hisbah, da asibiti, da kotu: akwai yara a gidan, kuma wace makaranta suke? Sannan ma'aikatar ilimi ta jiha ta umarci kowace makaranta ta ba da suna ɗaya da lambar waya ɗaya. A sa makarantun Islamiyya da na allo a ciki, domin yaron da aka tausaya wa da safe bai kamata ya sha dorina da la'asar a kan hadda ba. Kuɗin wannan duka bai kai na fentin katangar makaranta ɗaya ba. A fara da ƙaramar hukuma guda, a yi shekara, a duba inda aka yi kuskure, a gyara.

Ba na da'awar cewa wayar safe za ta hana mugu duka. Wannan aikin kotu ne, da dangi, da mumbari. Ba za ta kai ga yaron da ke talla a tasha ba. Abin da za ta yi ƙarami ne: za ta hana a hukunta yaro sau biyu a kan dare ɗaya. Kuma idan sunan yaro ɗaya ya zo sau uku a zango guda, akwai wanda zai lura, ya ɗaga maganar zuwa jami'an jin daɗin jama'a tun ba a kai ga abin da ya faru a Coventry ba.

Kammalawa

Muna alfahari da cewa ɗa na kowa ne. Idan yaro ya yi rashin kunya a titi, kowane babba na da ikon ja masa kunne, kuma kafin ya isa gida labari ya riga shi. Hanyar kai rahoton laifin yaro a buɗe take tun kaka da kakanni. Hanyar kai rahoton ciwonsa ce muka toshe, muka sa mata suna kunya. In dai ɗa na kowa ne a ranar da ya yi laifi, to na kowa ne a daren da aka yi masa.

Washegarin ranar na kira yarinyar na ba ta haƙuri. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai, Malam." Ba ta ƙara makara ba har na gama bautar ƙasa, kuma ba ta ƙara ɗaga hannu a ajina ba. Mai unguwarsu yana da lambar hedimastanmu a wayarsa, don na sha ganin suna gaisawa a bakin masallaci. Babu wanda ya taɓa gaya masa cewa kiran yana cikin aikinsa. Ina roƙon kwamishinonin ilimi, da na 'yan sanda, da shugabannin Hisbah, da sarakunanmu, su zauna su gaya masa, a rubuce, kafin a koma sabon zango.